Shekarar Kifi

Sakkwato, 12 ga Janairu, 2002

Yaya Abdulsamad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da ta kwana biyu ba ta ga gida ba. Yaya jikin Inna, tarin nan ya sake ta? Ka gaishe min da Radiyya da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai abincin makaranta da ya mai da ni kamar sanda.

Ka san bana ce shekarata ta ƙarshe, kuma ba za su ba ni digirin ƙididdiga ba sai na rubuta bincike. 'Yan ajinmu duk sun ruga bankuna da asibitoci neman alƙaluma. Ni na ce a kan garinmu zan yi nawa: in kwatanta abin da masu shinkafa a fadamar kogi ke samu da abin da masu gero a tudu ke samu. Malamin da ke duba aikina, Dakta kawai muke ce masa, ya tambaye ni wai ina ne Katagum. Na ji haushi, na tashi na zana masa a allo.

Ba ni da halin zuwa kafin jarrabawa, shi ya sa na ɗora maka. Ka bi manoman fadama, ka tambayi kowa buhu nawa ya ɗauka a kowace shekara, iya shekarun da zai tuna, da girman gonarsa. Haka su ma na tudu, har da gonarmu ta Baba. Masu gero da dami suke ƙirga, ka rubuta hakan, ni zan mayar buhu. Kada ka gyara maganar kowa, ko da ka ga mutum yana cika baki.

Na san za ka ce na mai da kai ɗan aike. E, na mayar. Ka tuna ni ce nake kai maka saƙo gidan su Radiyya kafin a ɗaura muku aure, kuma ko goro ban taɓa gani ba.

Ka aiko da amsa ta hannun Goggo Yelwa a Azare, ita za ta jefa a gidan waya, kamar yadda wannan za ta biyo ta hannunta ta ba direban Katagum.

Ƙanwarka,
Zulaiha

Katagum, 9 ga Fabrairu, 2002

Malama Zulai mai ƙididdiga,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Tarin Inna ya yi sauƙi, sai da asuba yake ɗan taso mata. Radiyya ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaya miki ladanki kin riga kin ci, tunda a hanya kike karanta saƙon kafin ki kai.

Aikinki ya ba ni wuya. Da farko sun ɗauka ofishin haraji ne ya turo ni. Wani ya rantse min bai taɓa noma shinkafa ba, alhali a kan buhun shinkafa yake zaune. Sai da na ce 'yar marigayi Malam Khalil ce ke karatu a jami'a, sannan bakuna suka buɗe, har na rasa wanda zan fara saurara. Wanda ya fi taimaka min shi ne Malam Kashim, dattijon nan mai kwalekwale da iyayensa suka zo daga wajen Gashuwa. Shi ya tara min su a ƙofar gidansa, yana tuna wa wannan yana gyara wa wancan. Ga takardun nan na haɗo miki, kuma ban taɓa maganar kowa ba.

Amma Zulai, ina rubutawa jikina yana sanyi. Gonar da ba ta kai tamu girma ba, mutum ya ce maka buhu ashirin da wani abu. Mu kuwa gonar Baba ta gaji. Abin da na zuba a rumbu bara da ƙyar zai kai mu damina, ga yara uku, ga Inna. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, gaskiya ne, amma tun rasuwar Baba ban taɓa ganin saura ba. Na gaji da noman da ba ya gaba ba ya baya.

Da muka keɓe, Malam Kashim ya ce min shi tsufa ya kama shi, ƙafarsa ba ta iya taɓo yanzu, 'ya'yansa kuma duk suna Kano. Wai da zai sami gonar tudu kusa da gida da ya huta. 

In kin gama lissafin ki gaya min abin da ya nuna, da Hausar da zan gane. Ni a aji biyar na sakandare na tsaya, kin sani.

Yayanki,
Abdulsamad

Sakkwato, 3 ga Maris, 2002

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kun yi Sallah lafiya. Ni a nan na yi tawa, wata 'yar ajinmu ta kai ni gidansu na ci nama har na ji kunya. Ka ce wa Inna ta riƙa shan zuma da ruwan ɗumi.

Allah ya saka da alheri, aikinka ya fi na wasu 'yan ajinmu tsabta. Na kwana biyu a kansa, kuma ga amsa da Hausar da ka nema. In aka ɗauki gona mai girma ɗaya, aka tara abin da ta bayar a duk shekaru aka raba daidai, wato matsakaici, abin da fadama ke bayarwa ya kusa ninka na tudu sau biyu, ko da an mai da shinkafar gero a farashin kasuwa. Da na zana shi a takarda sai ya fito kamar tulin hatsi a masussuka: kaɗan sun sami ƙarami, kaɗan sun sami babba ƙwarai, yawancin suna tsakiya. Irin zanen da ke cikin littafi ne sak, har na riƙa nuna wa mutane.

Dakta ya tafi taro bai gani ba tukuna, amma na san zai ji daɗi. Ni dai na ce a raina, da Baba ya san lissafi da tuni fadama ya nufa, da yanzu mu ne masu gidan bene a Azare.

Ka gaishe da Malam Kashim, ka ce masa sunansa zai shiga shafin godiya.

Zulaiha

Katagum, 24 ga Maris, 2002

Zulai,

Muna lafiya, muna fatan ke ma haka. Inna ta ce zuma ta yi tsada, addu'a ta fi araha. Ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi amma ya tashi.

Wasiƙarki na karanta ta ban san iyaka ba. Abin da na daɗe ina ji a jikina ke nan, sai ga shi ilimi ya tabbatar. Na je na sami Malam Kashim, mun yi magana ta fahimta. Zai ba mu fadamarsa, mu ba shi gonar Baba, musaya kai da kai, ba ciko. Ya tambaye ni sau biyu ko na yi shawara, na ce na yi da wadda ta fi duk garin nan sanin lissafi.

Inna ce ba ta so. Ba ta yi faɗa ba, kin san halinta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ubanku bai taɓa shuka a inda ruwa ke kwana ba." Sai na ɗauko wasiƙarki na karanta mata inda kika ce da Baba ya san lissafi da fadama ya nufa. Ta daɗe tana kallon takardar, ko da yake ba ta iya karatun boko ba. Ta tambaya ko da gaske ke kika rubuta, na ce rubutunki ne. Daga nan ta ce mu yi abin da muka ga ya dace, ta shiga ɗaki.

Za a yi abin a gaban mai unguwa da liman, Juma'a ta biyu a watan Afrilu, don kowa ya sami damar share tasa kafin ruwa ya sauka. Tunda ba a raba gadon ba, kina da rabo a gonar, amma na ɗauki maganarki a matsayin yarda.

Zulai, na daɗe ban yi farin ciki irin na kwanakin nan ba. Ina so watarana ki dawo ki ga rumbu biyu a gidan nan.

Abdulsamad

Sakkwato, 2 ga Afrilu, 2002

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Don Allah ka dakatar da musayar nan. Ban yarda ba tukuna, kuma ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Jiya wasiƙarka ta zo, jiya kuma Dakta ya duba aikina. Ya kalli zanen nan da nake alfahari da shi, sannan ya ce, "Kogin naku bai taɓa cika ya ci gona ba?" Nan take na tuna ina firamare ruwa ya taɓa zuwa har bakin gari. Muka koma kan takardunka. Babu mutum ɗaya da ya ce ya tashi a banza a wata shekara. Amma akwai shekarun da kowa ya tsallake, kuma shekarun iri ɗaya ne a bakin kowa. Ni na ɗauka mantuwa ce, na wuce su.

Bari in gwada yi maka bayani yadda ya yi min. Ka ɗauki yiwuwar abin da zai faru kamar mudu ɗaya na gero da za a watsa a kan duk girbin da gona ke iya bayarwa, daga babu har zuwa mai yawa. A gonar tudu geron a shimfiɗe yake sauka, kauri a tsakiya, sirara a gefe. Babu adadi guda da ya riƙe tuli shi kaɗai, domin ko buhu goma aka ce, goma ne da ɗan ƙari ko da ɗan ragi. Ko a shekarar fari ana tsira da wani abu. A fadama kuwa abu biyu ne a cakuɗe. Akwai shimfiɗaɗɗen nan na shekarun da aka girbe, akwai kuma dunƙule guda da ya tsaya cak a kan babu, na shekarun da kogi ya shafe komai. Ba girbi kaɗan ba ne, babu ne gaba ɗaya, kuma ga kowa a lokaci guda.

Irin wannan ba a yi masa lissafi a haɗe, sai an raba shi. A fara auna dunƙulen: cikin shekaru goma, nawa ne na kogi? Sai a ware shi gefe, a duba sauran shi kaɗai: in kogi bai zo ba, buhu nawa? Sannan a mai da su wuri ɗaya, kowanne da nauyinsa. Ni tambaya ta biyu kaɗai na amsa, na ba ka ita a matsayin duka. Zanen da na ce ya yi kyau rabin gaskiya ne.

Ba zan ɓoye maka ba, na gwada da shekarun da aka tsallake. In uku ne cikin goma na kogi, matsakaicin fadama zai ragu sosai, amma har yanzu zai ɗan fi na tudu. Sai dai Yaya, matsakaici na wanda ke da ajiyar da zai jira shekara mai kyau ne. Mu ba mu da ita, rumbunmu daga kaka zuwa damina yake. In shekarar farko ta faɗo a kan dunƙulen nan, me yara za su ci?

Ka koma ka tambaye su kai tsaye abin da ya faru a shekarun da suka tsallake. Maganar Baba kuwa wasa nake yi, ban rubuta don a karanta wa Inna ba. Tun jiya abin yake ci min rai.

Zulaiha

Sakkwato, 6 ga Mayu, 2002

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Wata guda ke nan ban ji daga gare ka ba. Ban sani ba ko wasiƙata ta iso, ko ta iso ka yi fushi. In fushi ne ka rubuto ka zage ni, na fi son haka. Kullum sai na leƙa wurin ajiye wasiƙu, har mai kula da wurin ya fara girgiza min kai tun daga nesa. An yi musayar ko an dakata?

Zulaiha

Katagum, 21 ga Mayu, 2002

Zulaiha,

Lafiya muke. Wasiƙunki biyu tare suka zo a makon jiya. Goggo Yelwa ta tafi Misau ta'aziyyar surukarta, rashin lafiya ya riƙe ta can, takardun suna kulle a ɗakinta a Azare. An yi musaya tun ranar da na gaya miki, a gaban shaidu, kuma na ce musu kin yarda.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika ce, kuma na yi fushin. Na bi gida gida cikin rana ina rubuta miki abin da dattawa suka faɗa, yau kuma malaminki da bai san inda Katagum take ba ya ce rabin gaskiya ne. Wato ko dai ni ban iya tambaya ba, ko kuma mutanen da suka yi sallah sahu ɗaya da Baba sun haɗa baki sun yi min ƙarya. Ki zaɓi wanda kike nufi.

Duk da haka na je na tambayi Malam Kashim, don kada ki ce ban yi ba. Dariya ya yi. Ya ce ba wanda ya ɓoye komai, shinkafa na tambaya aka ba ni amsar shinkafa. Ga maganarsa: "Shekarar da kogi ya hau, ai ba shekarar shinkafa ba ce, shekarar kifi ce. Wa zai ƙirga ta cikin noma?" Ya ce a irin wannan shekara kifi har cikin gonaki yake shiga, a ci a ƙyafe a kai kasuwar Azare, wani ma ya fi samu a kan shekarar girbi. Kin ga ashe dunƙulen naki ba babu ba ne. Ya lissafa min shekarun da sunayensu, kuma kusan ukun da kika ce ne cikin goma.

Sannan ke da kanki kika rubuta cewa ko da an sa su, fadama ta fi. Na ja layi a ƙarƙashin wurin. To me ya rage?

Mutumin kirki ne, ki sani. Da ya ga na zo da tambaya sai ya ce in raina bai kwanta ba, a warware musayar kafin ruwan shuka, ba komai. Na ce masa ni ba yaro ba ne da zan tara liman da mai unguwa, sannan in koma in ce ƙanwata ta sake lissafi. Na riga na share fadamar, na samo iri.

Inna na gaishe ki. Ban karanta mata wasiƙunki na wannan karon ba.

Abdulsamad

Sakkwato, 4 ga Yuni, 2002

Yayana,

Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri. Ban ce ka kasa ba, ban ce wani ya yi ƙarya ba. Tambayar ni na tsara ta, kuma yadda na tsara ta haka aka amsa. Da ni na je da kaina, abin da zan kawo ke nan.

Amma amsar Malam Kashim ta fi komai tsorata ni. Gaskiya ya faɗa, a wurinsu dunƙulen ba babu ba ne, domin su masunta ne. Kowane gida a cikinsu akwai taru, akwai koma, akwai kwalekwale, kuma tun suna yara suke cikin ruwa. In shinkafa ta nutse sai su juya ga ɗaya sana'ar. Mu fa? A gidanmu ko ƙugiya babu. Kai kanka ko iyo ba ka iya ba, ka tuna yadda Baba ya hana mu zuwa bakin kogi. Gona ɗaya ce, amma shekarar da take kifi a hannunsa, a hannunka babu ce tsagwaronta.

Layin da ka ja wa zane, ka karanta wanda ke binsa. Fadama ta fi ga wanda zai iya haɗiye shekara guda ba girbi. Ba a tuƙa tuwo da matsakaici. In shekarar kirki ta fara zuwa, ka ci riba, ni ma zan fi kowa murna. In ta kogi ce ta fara zuwa, ba ka da gonar da za ka koma.

Tunda ya ce a warware, don girman Allah ka karɓa. Ka ɗora laifin a kaina a gaban liman, ka ce 'yar boko ce ta rikice, ba zan ji komai ba. Ko kuma ku raba, ka riƙe rabin gonar Baba. Kunyar kwana biyu ce, mutane za su manta.

Na so in taho da kaina, amma jarrabawa ta kama, in na bar ta sai baɗi. Ina rubuta wannan ina jin kamar in yi kuka.

Ƙanwarka,
Zulai

Katagum, 28 ga Yuli, 2002

Zulai,

Muna lafiya, Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Na huce, ki kwantar da hankalinki. Wasiƙarki ta zo bayan ruwa ya sauka, Malam Kashim ya riga ya shuka gero, maganar warwarewa ta wuce. Ban yi saurin amsa ba saboda aiki, daga asuba sai magariba nake dawowa.

Da kin ga shinkafar nan da kin daina tsoro. Koriya shar, ta kai min cinya, maƙwabta suna tsayawa suna sa albarka. Ranar Juma'a na ɗauki Inna a amalanke na kai ta ta gani. Ta shafa ganyen da hannunta, ta ce Allah ya kai mu girbi. Wannan ne karo na farko da ta yi min murmushi tun watan Maris.

Kogi ya ɗan taso, amma sun ce haka yake yi kowace shekara a wannan lokaci. Ki ci gaba da addu'a.

Abdulsamad

Sakkwato, 15 ga Satumba, 2002

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji a rediyo ana maganar ruwa a garuruwan bakin kogi ta wajenmu, ba su ambaci sunan gari ba. Na rubuta wa Goggo Yelwa, ta ce motocin Katagum sun yi wuya, ba ta da labari. Don Allah ko layi biyu ne ka aiko.

Na kare bincikena a gaban malamai. Na raba lissafin gida biyu yadda ya kamata, na sa maganar Malam Kashim a ciki, sun yaba ƙwarai. Ban ji daɗin komai ba. Sauran gyare-gyare da sa hannu, ina sa ran tahowa kafin azumi.

Zulaiha

Katagum, 20 ga Oktoba, 2002

Zulai,

Assalamu alaikum. Duk muna raye, ba wanda ya rasa ransa, gidanmu ma ruwa bai kai shi ba. Ina taya ki murna, Allah ya sa albarka a karatun. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

A farkon Satumba kogin ya hau, da rana tsaka, shinkafa ta riga ta yi ciki. Muna tsaye a kan gaɓa muna kallo. Ba da ƙarfi ya zo ba, a hankali ya riƙa cin kunya ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar ba a ganin ko kan ganye. Ya kwana a kanta kusan mako uku. Da ya janye na shiga, ban sami abin da zan cika hula da shi ba.

Washegarin hawan ruwan maƙwabtana suka fito da taru, suna raha. A kan gonata suka fi samu, wai ta fi zurfi. Sun aiko mana da kwandon kifi, haka al'adarsu take ga mai gona. Na ari koma na gwada, na yaga ta a kan kututture, na sha ruwa, wani ya jawo ni da gora. Ban sake komawa ba. Suna cewa in yi noman rani, amma ba ni da injin ban ruwa, kuma ko na samu sai bayan wata huɗu a ci.

Rumbu ya ƙare tun kafin ruwan. Radiyya ta kai yara biyu gidansu. Ni na shiga ƙodago, yankan gero da ɗaurin dami, kuma inda aka fi neman hannu bana gonar Baba ce. Ta yi kyau, Zulai. Ban taɓa ganin ta yi irin haka a hannuna ba.

Malam Kashim ya rasa inda zai sa kansa. Ya aiko da dami biyar gida, Inna ta mayar. Ta ce ba za ta ci zakkar gonar mijinta ba. Na yi magiya, ta ƙi.

Shekaranjiya muna tsakar aiki na ɗaga kai, sai na hango ta a cikin matan da ke bin bayanmu suna kala, da ƙwarya a hannu. Daga baya ta ce wa Radiyya kala ba sadaka ba ce, abin da ya faɗi ƙasa na kowa ne. Malam Kashim ma ya gan ta. Ya zo ya raɗa mana cewa duk layin da take bi mu riƙa barin zangarniya, kada mu nuna da gangan ne. Layina take bi. Haka muka yini, ina gaba ina yanka ina saki, tana baya tana tsinta, ba wanda ya kalli wani. Da yamma ta riga ni isa gida, ta nuna min ƙwaryar a cike, ta ce masu yankan bana ba su iya aiki ba.

Ki taho kafin azumin, muna son ganinki. Amma in kin zo kin ga gero a gidan, kada ki tambaye ta inda ta samo.

Yayanki,
Abdulsamad